Kabewar Ummi da Na Jefa a Miya

Tun da na dawo daga London ƙafa ba ta ɗauke a gidan nan ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa, kafin ta gama gyara zama sai ta ce, "To Hajiya Ma'u, yaya ƙasar Turawa? Kin ga ƙanƙara? Kin ga gidan Sarauniya?" Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, tunda na daɗe ina koyarwa a firamare, hannuna bai manta biro ba. Ƙanƙara dai ban gan ta ba, lokacinta bai yi ba. Gidan Sarauniya an wuce da ni ta gabansa a mota ina gyangyaɗi. Abin da na sani a London shi ne wani ɗan kicin a unguwar Catford wanda mutum biyu ba sa iya juyawa a cikinsa, da wata yarinya da ta kusa sa ni dawowa gida da ciwon zuciya.

Yarinyar jikata ce, 'yar wajen Hadiza. Hadiza ita ce ta uku a 'ya'yana, nas ce a wani asibiti can, mijinta Kabiru kuma tuƙin bas yake yi. A can aka haifi yarinyar aka sa mata sunana, don haka suke kiranta Ummi. Har ta shekara takwas ban taɓa ɗora ido a kanta ba sai a hoto. In sun bugo waya gidan maƙwabcinmu mai tarho aka miƙa mata, numfashi kawai nake ji, sai "Hello", shi ke nan. Don ita na yarda na hau jirgin sama, ni da ko mota ta cika gudu sai na kama salati.

Ranar tafiya na haɗa kaya kamar mai ƙaura: kilishi, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, da atamfa ɗinki biyu da na yi wa Ummi a kan ƙiyasi. A filin jirgin Kano 'yan rakiya sun fi matafiya yawa, kowa da saƙon da zai liƙa mini na wani ɗan'uwansa, kamar London ɗin unguwa ɗaya ce. Da jirgin ya ɗaga sai na kama addu'a. Wadda ke kusa da ni wata 'yar kasuwa ce daga Fagge mai zuwa saro leshi, ta saba, ta ja mayafi ta rufe fuska ta bar ni da addu'o'ina. Aka kawo abinci a ɗan faranti, na tambaya ko naman yanka ne, mai rabon ta yi mini murmushi kawai ta wuce. Na mayar da murfin na ci dabinona. Da na shiga banɗaki na danna abin kora ruwa, wata irin ƙara ta tashi, wallahi na ɗauka na huda jirgin. Na fito da gudu ina riƙe da zani, 'yar Fagge ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Hajiya, haka yake yi, ki zauna."

Muka sauka cikin wani irin sanyi mai shiga ƙashi. A wajen duba fasfo na haɗu da wata yarinya Baturiya mai tambayar tsiya: wa kika zo gani, yaushe za ki koma, wa zai ciyar da ke. Ni da nake taƙama na koyar da Turanci, sai ga shi ba ta gane nawa, ni ma ba na gane nata, don nasu a hanci suke yinsa. Da ƙyar muka rabu. Gaba kuma wani mai inifom ya sa na buɗe jaka. Yana kwance ƙullin daddawa ya ja da baya, ya ce mene ne wannan. Na ce masa na miya ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaure ya mayar. Kilishin ne ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Ban taɓa ganin mutumin da zai karɓe maka abu yana ta ba ka haƙuri kamar shi aka yi wa laifi ba.

Ina fitowa na hango su. Kabiru ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar Turawa ya gaishe ni, Hadiza ta rungume ni tana hawaye. Bayan rigar sanyin uwarta kuwa ga wata 'yar siririya tana leƙe, da idanuna sak, har da ɗan goshin gidanmu. Daɗi ya kama ni, na rasa inda zan sa kaina. Na riƙe haɓa na ce, "A'a! Wannan ce takwarar tawa? Wannan 'yar mummunar mai ƙafa kamar tsinken tsire? Kai, an yi muku musanya a asibiti, ku mayar musu da kayarsu."

Kun dai san yadda ake yi. Jikokina na nan gida, da na faɗi haka kafin in rufe baki an ce mini, "Ke ce mummuna, tsohuwa mai giɓi," don kowa ya san haƙorina na sama da ƙashin rago ya karya a wani biki. Sai a yi dariya, a haye cinyata. Na tsaya ina jiran ramuwa. Ummi ta kalle ni, ta kalli ƙafafunta, idonta ya ciko. Ashe babu abin da ba ta ji a Hausa, mayarwa ce kawai take yi da Turanci. Uwarta ta sunkuya tana ce mata wasa ne, haka kakanni suke yi a gida. Na ji ta ce a hankali, "Then why did she say it?" Wato in ba haka ba ne a raina, me ya sa na faɗa. Har muka isa Catford fuskarta na jikin gilashin mota.

Gidan nasu flat ne a sama, ana hawa ta wani tsukakken bene. Ko'ina kafet, har banɗaki, sai da Hadiza ta nuna mini yadda zan yi alwala a cikin kwamin wanka kada ruwa ya zubo wa na ƙasa. Ɗakunan kwana biyu ne, don haka aka ba ni na Ummi, ita aka mayar da ita kujerar falo. Ban ji daɗin haka ba, na san an ƙara mini wani laifin. Gari kuwa lokacin kakarsu ne, itatuwa sun yi ja da ruwan ɗorawa suna ta zubar da ganye, titi duk ya jiƙe. Kana idar da azahar la'asar ta taho, kana shafa addu'a duhu ya rufa. Mutane ba sa gaisuwa. Na yi wa wani tsoho sannu a bakin ƙofa, ya dube ni kamar na tambaye shi bashi. Kajinsu manya ne ƙwarai amma ba ɗanɗano, ga dankali a kowane abinci.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne Ummi. Da safe ta ce "Good morning", in na miƙa mata abu ta ce "Thank you", daga nan ko kallo ban ishe ta ba. Atamfar da na kawo ta yi mata yawa, aka ninke aka sa a durowa. Kwanaki suna ta tafiya, bizata kuma ba mai tsawo ba ce. Na fara tunanin zan koma Kano, in mutu, yarinyar da ke ɗauke da sunana ta riƙa tuna ni a matsayin matar da ta zage ta a filin jirgi.

Sai na ce bari in bi ta ciki, don ban taɓa ganin yaron da girkina bai saukar ba. Wata rana duk sun fita, na shiga kicin ina dube-dube, sai ga kabewa a kan taga. Kai, kabewa! Jawur, mulmulalliya, ba tabo ko ɗaya. Na ce Allah sarki Hadiza, aiki ya hana ta ko yanka ta. Na samu alayyafo a firji, na samu niƙaƙƙiyar gyaɗa a kwalba, ga daddawata da ta tsallake mai inifom. Na fere kabewar nan na yi miyar taushe wadda ko a gidan biki ba na jin kunyar fitar da ita, na tuƙa tuwon shinkafa na kwashe.

Rifkatu ce ta ɗauko Ummi daga makaranta. Rifkatu ita ce a flat ɗin ƙasa, Kirista ce 'yar Zonkwa, tana aikin kula da tsofaffi, kuma ita da Hadiza kamar 'yan ciki ɗaya suke. Suna shigowa Ummi ta nufi taga, ta tsaya. A karo na farko ta yi mini magana ba gaisuwa ba: "Where's my pumpkin?" Ni kuwa da fara'ata na ɗaga murfin tukunya na nuna mata.

Rifkatu ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Mama! Ba ta ci ba ce!"

Ashe a makaranta aka ba su iri tun farkon zafi, Ummi ta shuka a ɗan lambun Rifkatu na bayan gida, kullum sai ta sauka ta ba ta ruwa, tana tsince mata dodon koɗi da hannu. Guda ɗaya tal ta yi. A al'adarsu, ƙarshen wannan wata yara sukan rarake kabewa, su yanka mata ido da baki, su kunna kyandir a ciki. Makarantar su Ummi za ta yi taron kaka ranar wata Asabar, kowane yaro ya kawo tasa. Cikin kabewar kuma, abin da mu muke nema, shara suke zubawa.

Ummi ba ta yi ihu ba. Da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Ta juya za ta shige ɗakinta, ta tuna ni ce a ciki, sai ta shiga banɗaki ta kulle. Na je bakin ƙofar na tsaya ina jin shessheƙarta. Ban taɓa ba jika haƙuri ba a rayuwata, amma ranar na ce, "Ummi, ki yi haƙuri, ban sani ba." Ba ta buɗe ƙofar ba. Tuwon nan Kabiru ne kaɗai ya ci, shi ma don kunyata, yana ci yana sunkuyar da kai.

Daga ranar na kama bakina. Na koma lallaɓa ta kamar baƙuwar da ake jin nauyi: "Sannu Ummi. An dawo lafiya, Ummi?" Wallahi duk sanda na faɗa sai na ji kamar ba jinina ba ce. Wata yamma Rifkatu ta hawo muna hira a ƙofar kicin, Ummi na gaban talabijin ta ba mu baya. Rifkatu ta rage murya ta ce mini akwai yaran da suka sa Ummi gaba a makaranta a kan ƙafafun nan nata, har ta daina yarda ta sa siket ba doguwar safa. Na ce ni fa so ne ya sa na faɗa.

Ta ce, "Na sani, Mama. Ni kakata 'mai kan gwanda' take ce mini, ni kuma in ce mata 'mai bakin tsohuwar jaka'. A kasuwa ma sai mu yi, mutane na dariya. Jikan da ba ta so, ai gaisuwa kawai take amsa masa. Ranar da na je ta ce mini 'sannu da zuwa, Rifkatu', na fita waje na yi kuka, na san ciwon ya ci ƙarfinta." Muna cikin haka na lura an rage ƙarar talabijin, amma yarinyar ba ta waigo ba.

Ana saura 'yan kwanaki in tafi, Hadiza ta dawo daga aiki ranta a ɓace. Ta ce, "Hajiya, an yi mini changing ɗin duty, ranar Asabar tun safe ina asibiti. Ga shi na riga na yi promise." Asabar ɗin ita ce ta taron, washegari kuma jirgina. Alkawarin kuwa na boga ne, wato niƙaƙƙen nama da ake soyawa a sa tsakanin burodi. Bara da aka yi taron duk naman da aka kawo na alade ne, Ummi da sauran 'ya'yan Musulmi suka ƙare da soyayyen dankalin leda. Shi ne bana Hadiza ta ce za ta kawo ƙananan boga na naman yanka, masu fuskar kabewa, irin wanda ta gani a wata mujalla. Ummi ta riga ta gaya wa duk 'yan ajinsu. Kabiru ma yana kan bas ranar.

Na ce, "Ni zan yi."

Ummi ta dubi uwarta ta ce, "Mum, can't we just not go?" Gara ta fasa zuwa da a ce ni na yi girkin. Maganar ta soke ni, amma na yi kamar ban ji Turancin ba.

Ranar Juma'a Rifkatu ta raka ni Whitechapel wajen mahaucin da Hadiza ta yarda da yankansa. Muka hau bas, sannan muka gangara tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa. Jirgin na cikin gudu a rami ta ce mini, "Mama, yanzu a ƙarƙashin kogi muke." Na ce 'yar nan, da kin bari sai mun fita. Da muka hau sama sai na ji kiran salla daga babban masallacin wurin, na farko tun zuwana, har sai da na share ido da gefen mayafi. Mahaucin, Alhaji Isiyaka, mutumin zangon Kumasi ne, Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Ya ce, "Hajiya, ka zo lafiya? Boga za ka yi ma jikanka?" Ya niƙa mini nama mai ɗan kitse, ya ce in na mulmula in danna tsakiya da babban yatsa, in ba haka ba zai kumbura. Na ce to, a raina ina cewa ni da na dafa wa biki sa guda, yau ake koya mini suya. A kasuwar bakin titi muka nemi kabewa, duk an kwashe masu kyau. Wata 'yar karkatacciya ce ta rage, gefe ɗaya a lotse. Ita na rungumo har Catford.

Na ajiye ta a kan taga. Ummi ta dawo ta gan ta, ta jujjuya ta. Can sai ta shimfiɗa jarida a ƙasa, Rifkatu ta yanke mata saman, ta shiga rarakewa da cokali. Da na ga ta nufi kwandon shara da cikin, na miƙa kwano na ce, "Ummi, in ba kya so, ki ba ni." Ta zuba mini ba ta dube ni ba.

Asabar gida ya rage daga ni sai Ummi. Hadiza ta bar mini mujallar a buɗe, da gargaɗi: ban da barkono, ban da gyaɗa, ban da daddawa. Ta sayo manyan burodi ta ce a yanka da bakin kofi su zama ƙanana, amma da na gwada sai suka ruguje. Na dafa cikin kabewar jiya na dame shi, na kwaɓa da fulawa da yis da ɗan sukari da gishiri, kamar zan yi fanke mai tauri. Kwaɓin ya yi ruwan lemo mai kyau, amma ya ƙi tashi, sanyin garin ya kashe shi. Ina tsaye a kansa ina salati sai ga hannu ya ɗauke kwanon. Ummi ce. Ta kai shi jikin ƙarfen ɗumama ɗaki ta ajiye, ta rufa masa tawul, ta koma falo.

Na haɗa naman da albasa da gishiri da ɗan masoro, hannuna na ta kai kansa wajen yajina ina janye shi. Na mulmula, na manta da maganar Alhaji Isiyaka, na cika wuta kamar ina gaban murhu. Nan da nan suka kumbura suka yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe. Sai wani abu a silin ya tsala ihu. Innalillahi! Na ɗauka 'yan kwana-kwana ne za su zo a ce tsohuwar Kano ta ƙona gidan hayar hukuma. Na yi tsuru-tsuru da cokali a hannu. Ummi ta shigo a guje, ta buɗe taga, ta hau kujera tana yi wa abin fifita da tawul har ya yi shiru. Ta sauko ta murɗa gas ɗin ƙasa ta ce, "Too hot."

Ba ta koma falo ba. Ta ja kujera, ta ɗauko cuku mai ruwan ɗorawa da aka yanka falle-falle, ta kama fitar masa da ido da baki da ɗan tsinin wuƙa. Ni kuma na sake mulmula nama ƙanana, wannan karon ina danna tsakiya. Kwaɓin ya tashi. Na gutsuttsura shi, na tsattsaga gefen kowanne don ya yi kama da kabewa, ta nuna mini lambar da uwarta ke sa oben. Wasu sun fito a karkace, wasu sun yi duhu a gindi. Fuskokin farko da muka ɗora a kan nama mai zafi suka narke, idanu suka zazzago. Na saci kallonta, na ga leɓenta ya motsa kamar za ta yi dariya ta fasa. Muka bari naman ya huce sannan muka ɗora sauran. Kowanne muka sa masa latas a ƙasa, muka karkata murfin burodin don fuskar ta fito, muka soke da tsinke da ɗan yankin koren tattasai a sama. Ta dubi mujalla, ta dubi tirenmu, ta ce, "It's not like the picture." Gaskiya ta faɗa.

Rifkatu ta ɗauki tire ɗaya, na ɗauki ɗaya, Ummi ta rungumi karkatacciyar kabewarta muka nufi makaranta. Iska na ɗaga takardar da muka rufa, jiƙaƙƙen ganye na santsi a ƙarƙashin takalmina, ni dai addu'ata kada in kife da shi a titi. Zauren ya cika da yara, wasu sun shafa wa fuska fari, wasu da dogayen huluna baƙaƙe kamar masu wasan tashe. An jera kabewa a gefe guda da kyandir a ciki. Ta Ummi ce mafi ƙanƙanta, ta kai ta can ƙarshe ta ajiye.

Muka sa tirenmu a tebur, Rifkatu ta gaya wa malamarsu na yanka ne. Na samu kujera a jikin bango na zauna ina kallon tiren nan kamar mai jiran sakamakon asibiti. Yara su zo su leƙa, su ga burodi ruwan lemo, su wuce wajen biskit. Ummi tana can nesa da ni, ita ma idonta na kan tebur. Na ce shi ke nan, na cinye mata kabewa, yanzu kuma na kunyata ta a gaban 'yan ajinsu, gobe in hau jirgi. Sai wata 'yar Bangladash mai ɗan hijabi ta ja uwarta, suka yi magana da malama, ta ɗauki ɗaya. Ta cinye ta ɗauki na biyu. Daga nan hannaye suka fara miƙowa. Ba zan yi muku ƙarya in ce an yi wawaso ba, na ga guda biyu da aka gatsa aka bari a kan taga. Amma tire ɗaya ya ƙare, na biyu ya yi rabi. Kabewar Ummi ba ta ci komai ba a gasar.

An fara tattara kujeru sai na ga ta nufo ni, hannu ɗaya a bayanta. Ta tsaya a gabana, ta fito da farantin takarda. Boga ne guda ɗaya wanda ban gani a tire ba, ashe a aljihun rigar sanyinta ta ɓoye shi cikin takarda. Ta naɗa masa latas a ka kamar ɗaurin ɗankwalina. Bakin cukun kuwa ta jera masa haƙora, ta cire ɗaya a sama, daidai inda nawa ya karye.

Da wata Hausa mai tsalle-tsalle, ta ce, "Hajiya, ga ki. Mummuna. Tsohuwa mai giɓi."

Tana faɗa ta ja baya kaɗan, idonta a kaina, tsoro ƙarara a fuskarta, ba ta san ko ta yi daidai ba. Na san in na yi kuka yanzu za ta ɗauka ta ɓata mini rai, mu koma gidan jiya. Na yi ta maza na haɗiye kukan, na tamke fuska, na riƙe ƙugu.

Na ce, "Ni? Ni ce mummuna? Ja'ira mai goshi kamar gaban mota! Da wannan hannun naki da ko fuskar kirki bai iya yankawa ba?"

Sai ta ce, "Ke kin ƙona nama!" Ta fashe da dariya, ta faɗo jikina har bogan ya kusa zubewa. Rifkatu ta juya mana baya tana gyara tiren da ba ya bukatar gyara. Ni kuwa hawayen da na riƙe suka zubo a kan gashin yarinyar, na ce mata hayaƙin ɗazu ne bai gama fita daga idona ba.

Yini ɗaya kacal na samu da jikata, shi ma rabinsa a hanyar filin jirgi. Na yi sallama da su na shiga layi, na kusa ɓacewa sai na ji an ƙwala daga baya, da ƙarfin da ya sa Turawa waigowa: "Sauka lafiya, mummuna!" Hadiza ta kai hannu za ta rufe mata baki. Na ɗaga murya na ce, "Ƙyale min ita! Ke kuma mai goshi, ki shuka wata, ina nan dawowa in cinye."